Yadda Muka Nemo Siririya

Ana idar da sallar asuba muka bar Karare, ranar da kasuwar Batsari ke ci, don ranar ce mutum ke samun abokan hanya. Mu biyu ne, ni da ɗan farina. Ku da kuka san ni kun san ba na kama sunanshi, kuma ba yau zan fara ba. Shi yana rataye da jaka da gorar ruwa, ni kuwa ina riƙe da karan dawa guda ɗaya, dogo, busasshe, na datse kanshi na datse gindinshi.

To, 'ya'yana da jikokina na nesa, bari in faɗa maku abin da ya fitar da tsohuwa daga ɗakinta.

Gonar gidanmu a bayan dutse take, hanyoyinta biyu. Akwai doguwa mai faɗi, wadda ta zagaya ta bakin daji. Akwai gajeriya, wadda ta ratsa tsakanin wasu manyan duwatsu biyu, wurin da muke kira Maƙura. Shekara da shekaru doguwar ake bi da amalanke da akori-kura. Yanzu doguwar ta zama ta mutanen daji, ba mai bin ta sai wanda ya gaji da duniya. Bana kuwa Allah ya ba mu gero. An yanka, an ɗaure, dammuna na jibge a gona, baki goma sha huɗu na jiran su a gida. An gwada ɗaukowa a ka. Amma daga hantsi zuwa azahar kaɗai ake yarda mutum ya tsaya a bayan dutse, kuma mazan da suka rage a gidan ba su da yawa. In a ka ne, sai wata ya mutu ba mu gama ba, ga ruwan ƙarshen damina, ga gara, ga masu cinna wa abincin mutane wuta. Shanun huɗarmu huɗu ne a da, aka kora uku, aka bar mana bijimi guda da ya tsira don ranar yana ɗingishi an ɗaure shi a gida. Amalanken da ke garin duk na shanu biyu ne, kuma ko ɗaya ba ya shiga Maƙura.

Amalanke guda ne na taɓa gani da idona ya ratsa wurin nan, kuma mahaifina ne ya ƙera shi. Baba maƙeri ne. Ina 'yar yarinya ya samo ƙarfen ƙafafun wata matacciyar mota, ya yanke tsakiyarshi ya rage, ya yi kwana da kwanaki yana dukan shi a maƙera har ya haɗe. Ya shimfiɗa katakon ƙirya a sama, ya yi hannuwa biyu na marke yadda sa guda zai shiga tsakani. Mutane suka yi ta dariya, suka raɗa wa abin suna Siririya. Baba ya ci gaba da aikinshi. Da kaka ta yi, su suna zagaye daji, Siririya ta yi sawu uku kafin su yi ɗaya. Bayan ya rasu yayana ya gaje ta, ya ga kowa ya koma doguwar hanya, ya bai wa wani maginin tukwane a Runka. Yayana ma ya bi Baba. Fiye da shekara talatin ke nan ban sa ta a ido ba.

Karan kuwa, ana gobe za mu tafi na je Maƙura, na tsaya a tsakiya, na gicciya shi tsakanin duwatsun nan daidai inda hannuwana suka kai, na datse. Ni ban san awon 'yan boko ba. Na dai san duk abin da ya fi karan nan faɗi ba namu ba ne.

Daga Karare zuwa Batsari a babur muka je, kowa da nashi. Na tsayar da karan a kafaɗata kamar mai ɗauke da tuta. Kuɗin da ɗan acaɓan ya faɗa, a da shi ke kai mutum Katsina ya dawo har da tsaraba. Ban yi ciniki ba, na ga ramar da ke wuyanshi. A hanya ido ya ga abin da ya gani. Gona a nome, gona a nome, sai kuma gonaki biyar a jere sun koma sabara da ciyawa. Wani ƙauye da na sani da hayaƙi da kukan jakuna, muka wuce shi shiru, kabewa ta haye dangogi ta yi 'ya'ya ba mai tsinka.

Batsari tana nan da rogonta. Duk abin da ya lalace a ƙasar nan, rogon Batsari bai lalace ba, fari tas, yana fashewa a hannu. Muka saya da garin ƙuli muka karya a tasha. Ƙosai ne ya ba ni tausayi, ya ƙanƙance har sai ka haɗa uku kafin haƙori ya san an zo. Mata da yawa na zaune a gindin bango da ƙunshin kaya, ka gan su ka san ba cin kasuwa suka zo ba. Na gane wata da muka taɓa haɗuwa a wurin suna, muka gaisa muka daɗe, ba wadda ta tambayi 'yar'uwarta gida.

Akori-kura muka hau zuwa Runka. An loda buhuna, an loda mutane a kan buhunan, an loda awaki a kan mutanen. Aka ce in shiga gaba saboda tsufa, na ce karana ba ya shiga gaba, inda ya zauna nan zan zauna. Wata akuya ta sa ido a kanshi tun daga tasha. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta miƙo wuya. Yaron nawa, mutum mai furfura a gemu, sai ya juya ya ba akuyar baya, ya sa hannu ya rufe karan. Haka ya zauna a karkace har muka isa. Ban ce mashi sannu ba, ba a yi mana wannan tarbiyya ba, amma na gani.

A wani shinge masu kaki suka tsayar da mu. Ɗaya ya dubi karan ya ce, "Kaka, wannan sandar fa? Da ita za ki tare mutanen daji?" Na ce, "Ɗana, wannan ta fi bindigarka aiki, ita abinci za ta kai gida." Ya yi dariya ya ce mu wuce, Allah ya kiyaye.

Runka ta yi tsit, kamar gidan da aka yi rasuwa aka share makoki. Shaguna rabi a buɗe, mutane na magana suna waiwaye. Muka yi tambaya har aka kai mu gidan maginin tukwanen. Shi ya rasu, sai matarshi, tsohuwa kamata, tana tsince wake a faifai. Ta dama mana fura da ruwa zalla, tana ba da haƙuri, ta ce nono ya bi shanu. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta ajiye faifan.

Ta ce, "Ashe ke ce 'yar mai Siririya. Baiwar Allah, amalanken nan ya yi mana rana. Shekarar da muka gudu Safana ba mu da ko jaki. A kanshi muka ɗora uwar mijina da tukunyar tuwo, maza suka shiga tsakanin hannuwan suka ja. Ta cikin gonaki muka bi, inda babba ba zai bi ba."

Na ce, "Yanzu tana ina?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce da yunwa ta matsa masu a Safana, mijinta ya kai ta wurin 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe.

Na san abin da 'yan gwangwan ke yi wa ƙarfe. Na ajiye ƙwaryar furar. Yaron nawa ya dubi ƙasa ya ce, kamar da ƙasar yake magana, tunda an zo nan gara a ƙarasa Safana a ji da kunne. Ni ma na dubi bango na ce haka ne.

Muka isa Safana bayan la'asar, ƙafafuna sun kumbura. Filin 'yan gwangwan yana bayan gari: tsofaffin kwanoni, garmunan da masu su suka bar noma, ƙofofin gidajen da aka tashi. Abin da ya fi taɓa ni garmunan nan ne. Babbansu, wani mai jan haƙora da goro, ya saurare mu yana kora ƙuda. Da na ce siririn amalanke na sa guda, sai ya daina kora ƙudan.

Ya ce, "Iya, wannan ai ba na mantawa da shi. Mun ɗora guduma za mu fasa ke nan wani tsoho ya faɗo mana da sanda, yana cewa duk wanda ya taɓa aikin kawunshi sai ya ga abin da ya fi gwangwan. Mutumin Zakka ne, dogo, baki gare shi kamar reza. Akuyarshi ya sayar a kasuwa ya dawo ya karɓe shi."

Dogo, mutumin Zakka, baki kamar reza. Duk ƙasar Katsina mutum ɗaya ne haka: ɗan gwaggona, taubashina, abokin wasana tun muna tsirara. Ni 'yar namiji ce, shi ɗan mace, don haka bawana ne, ko da yake shekara saba'in yana musun haka. Tun da hanya ta lalace ba mu haɗu ba, sai dai saƙon gaisuwa, kuma ko sau ɗaya bai sako zancen Siririya a cikin saƙon ba.

Muka kwana a gidan dangi, da hantsi muka hau babur zuwa Zakka. Dawa ta yi kyau a wajen, ta sunkuyar da kai, 'yan mata na sayar da dafaffiyar gyaɗa a bakin hanya. Tun daga nesa na hango shi a ƙofar gida, gindin dalbejiya, a kishingiɗe bisa wani gado mai tsawo, an shimfiɗa tabarma da buzu. Da muka matso sai na ga gadon yana da hannuwa biyu. An tallafe shi da duwatsu, ba taya ko ɗaya, kaji sun yi gida a ƙarƙashi.

Idonshi ya yi rauni, amma da na yi sallama ya tashi zaune.

Ya ce, "Wa nake ji kamar baiwar gidanmu? Yunwa ta koro ki ke nan."

Na ce, "Ɓarawo, sauka daga kan gadon ubana."

"Ubanki? Kawuna dai. Kuna ina aka ɗora mata guduma? Kuna can kuna cin rogo."

"Shi ya sa ka mai da ta akurki?"

"Kajin nan sun fi ku sanin darajarta, kullum a nan suke kwana."

Aka kawo tabarma, aka yi gaisuwa ta gaskiya, ya tambayi kowa da sunanshi, na rayayyu da waɗanda bai ji rasuwarsu ba. Matar ɗanshi ta kawo tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, muka ci. Sai na tashi na ɗora karana a kan ƙarfen ƙafafun, daga wannan kai zuwa wancan. Karan ya fi shi da yatsa huɗu. Na shafa tsakiyar ƙarfen, na ji kumburin nan inda Baba ya haɗe shi, da ɗigo uku da yake bugawa a kan duk abin da ya fita daga maƙerarshi. Katakon ƙiryar ya yi baƙi ya yi santsi, ko tsagewa bai yi ba. Na daɗe a tsaye a wurin. Bakin reza bai ce uffan ba, kuma wannan shi ne karo na farko a rayuwarshi.

Na faɗa mashi zancen geron, da bijimi guda, da baki goma sha huɗu. Ya ce shi shekara shida ke nan a kanta yake sallar walha, a kanta yake jin rediyo, ƙashinshi ya saba da ita. Can ya laluba ya naɗe buzunshi da kanshi, ya ce, "Kawu bai ƙera ta don a kwanta a kai ba. Ku ɗauka. Amma a rubuta a ajiye, baiwa ce ta zo roƙo wurin ubangijinta." Na ce a rubuta, bawa ya yi gadin kayan uwargijiyarshi, an sallame shi.

Aka ɗauko ta a mota zuwa Safana, a can aka yi gyaran, kwana biyu. Hannu ɗaya na marke gara ta cinye shi, aka sassaƙo sabo. Aka samo tsofaffin tayoyi biyu wurin mai faci, ɗaya ta sha faci har ba a gane asalinta. Boris ɗin ciki, wanda taya ke juyawa a kai, ya kafe da tsatsa, yaron nawa ya zauna ya jiƙa shi da baƙin mai yana bugawa a hankali, ya karkata kai gefe yana sauraren ƙarfen. Ban taɓa lura ba sai ranar, haka Baba ke karkata kai. Wuta kuwa babu, sai da aka sayo fetur a kwalba aka tada inji kafin mai walda ya kama aiki.

Mai waldan mutumin kirki ne, amma ya so ya kashe ni da alheri. Na je na yi azahar na dawo, na tarar ya ja layi da alli a tsakiyar ƙarfen, ya ajiye wani guntu a gefe. Ya ce, "Hajiya, kyauta zan yi maki. Wanda ya yi wannan ƙarfe ne bai ishe shi ba. In ƙara maki kamu guda, ya zama amalanke kamar na mutane." Na sa ƙafa na taka ƙarfen. Na ce, "Na mutane sun cika garinmu, suna nan a jingine. Goge allin nan." Ya dubi yaron nawa don ya sa baki, shi kuwa ya ce abin da tsohuwa ta faɗa shi ke nan. Ya goge, yana cewa bai taɓa ganin wanda aka yi wa ƙari ya ƙi ba.

Aka ɗora Siririya a bayan akori-kura, aka ɗaure. Muka biyo ta Runka, muka sauka Batsari, aka sake wata motar, muka shiga Karare kafin magariba. Tsofaffi suka fito suna shafa ta suna kiran sunan Baba. Matasa kuwa dariya suka yi, irin dariyar da kakanninsu suka yi.

Washegari da hantsi aka ɗaura bijimin. Ya saba da abokin tafiya, ya yi ta waiwayen gefenshi, sai da aka lallashe shi da dusa. Rabin gari ya biyo mu zuwa Maƙura. Bijimin ya shiga, hannuwan suka shiga, sai muka ji ƙarfe ya daki dutse. Kan ƙarfen ƙafafun ya cije hagu da dama. Aka ja baya, aka sake, ya sake cijewa. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon, kuma da sun yi da ya fi mani sauƙi.

Na shiga na tsaya a bayanta. Na gicciya karana inda na gicciya shi ran nan, ya shiga daidai. Na sauke shi ƙasa zuwa inda ƙarfen yake, wajen gwiwata, ya ƙi shiga. Ashe duwatsun nan ta ƙasa sun fi matsewa, ni kuwa a tsaye na auna. Ina shafa dutsen ina salati sai tafina ya faɗa cikin wani zane mai santsi, dogo, daidai ƙuguna. Na duba ɗaya gefen, ga ɗan'uwanshi. Sawun ƙarfen Siririya ne na shekarun da. A can sama take wucewa.

Nan abin ya dawo mani. Duk shekara, kafin a fara jido, Baba kan tara mu yara da ƙoƙuna da kwanduna mu yi ta zuba tsakuwa da ƙasa a Maƙura, yana bi yana daddaɓewa da ƙafa. Mu a zatonmu don kada dutse ya ji wa sa ciwo a kofato ne, har muna gunaguni. Ashe ɗaga hanyar yake yi. Da aka bar bin wurin da amalanke aka bar cikon, ruwan damina talatin ya kwashe ƙasar ya tafi da ita.

Na faɗa wa mutane. Ba a yi shawara ba, ba a yi shela ba. Mata suka koma gida suka ɗauko kwanoni da daro, maza suka kama mirgino duwatsu, domin ba mu kaɗai ke da gero a bayan dutse ba. Manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a kai, jar ƙasa a sama. Ni aka ba aikin awo, ina zaune a bakin wurin ina cewa a ƙara nan, a ƙara can. Ranar ba mu gama ba, azahar ta kore mu. Kashegari rana na tsaka ƙasa ta kai inda ake so. Aka kawo bijimin, yaron nawa ya kama igiya ya yi bisimilla. Kan ƙarfen ya hau cikin tsohon zanen nan kamar an zuba mashi mai, ya bi shi har waje.

Dami goma sha biyu ta ɗauko a sawun farko. Da ta tsaya a ƙofar gida na zare zangarniya ɗaya na murza a tafina na hura, na ba ƙaramar jikata ta tauna. Kwana biyar muka yi muna jidon namu, ranar da muka rufe rumbu da yamma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Daga nan Siririya ta shiga gidajen maƙwabta bi da bi, har yau da nake wannan magana ba ta huta ba, bijimin ma ya daina waiwaye.

Abin da tafiyar nan ta koya mani ba shi da yawa, amma ku riƙe. Na ga garuruwa sun rame, na ga mutanen cikinsu ba su bar kyauta ba: wadda ba ta da nono ta dama fura, wanda ba ya gani sosai ya sauka daga gadonshi. Na kuma gane cewa gadon iyaye ba ƙarfen kaɗai ba ne. Mun je har Zakka mun ɗauko rabin aikin Baba, ɗaya rabin yana nan cikin aikin da yake sa mu muna yara muna ƙunƙuni, ba mu taɓa tambayar dalili ba. Ku da iyayenku ke raye, in sun sa ku abin da ba ku gane ba, ku yi, sannan ku zauna ku tambaya tun suna iya amsawa. Ni na tara jikokina na faɗa masu, baɗi in Allah ya kai mu, kafin a taɓa dami ko ɗaya, kowa ya ɗauko ƙoƙonshi mu tafi Maƙura.